Gigin Tsufa: Me Ya Sa Ya Fi Taɓa Iyayenmu Mata?

A Jega ko Maiyama, idan tsohuwa ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne, wani lokaci ma a jefe ta da maita. Alhali kuwa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, kuma a jikin mace ya fara ganinsa.

A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon. Nazarin da ya biyo baya a 1997 ya nuna cewa ƙwayar ta fi yi wa mata illa, na 2017 kuma ya ce bambancin ya fi fitowa tsakanin shekara 65 da 75. Bugu da ƙari, mata sun fi maza riƙe kalmomi a wajen gwaji, saboda haka alamun kan ɓuya har sai ciwo ya yi nisa.

To amma gado ba hukunci ba ne. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis, ya tarar ciwon bai kai yawa a Ibadan ba, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni a can. Ashe abinci da hawan jini da yanayin zama su ma suna da ta cewa.

A ganina, sakamakon da aka samu a kan Turawa riga ce da aka ɗinka wa wani. Dole mu auna tamu. Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006. Me zai hana ɗalibanmu na yau su zama masu binciken tsofaffinmu, maza daban, mata daban?

Kafin nan, malamai su koya wa yara cewa mantuwar da ke hana kaka yin girki ko lissafin raka'o'i ta asibiti ce. A riƙa auna mata jini, a daina tsangwamarta, kada kuma a mai da zancen gado abin gori ga zuriyarta a wajen neman aure. Wadda ta goye mu ta cancanci haka.