DAGA KANO ZUWA JIDDA: AWA BIYAR KO SHEKARA GOMA?

Jama'a, in kun tambayi direban jirgin sama nisan Kano da Jidda, zai ce muku mil 2,100 ne da 'yan kai, watau wajen kilomita 3,400, tafiyar awa biyar ko ma kasa. Mutum ya yi sallar asuba a Kano, ya yi la'asar a ƙasar Makka. Wannan gaskiya ne, amma lissafin masu hali ne. Bari mu yi namu lissafin na talakawa.

Kakanninmu da ƙafa suka tafi, wasu a kan jaki. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su isa Hartum, sa'an nan su shiga jirgin ruwa a Sawakin. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira. Wani ya shekara biyar bai komo ba, wani ma can ya zauna, jikokinsa suna Sudan har yau. Da jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, sai aka zaci wahala ta kusa ƙarewa.

To, ta ƙare? A 2024 aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. A 2025 kuwa kujerar aikin Hajji daga yawancin jihohin Arewa ta kai Naira miliyan 8 da dubu 400 da ɗoriya, da kuɗin jirgi da masauki da guzuri. Ku raba ku gani: albashin wata 120 ke nan. Shekara goma lebura bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba! Ashe kakansa mai jaki ya fi shi kusa da Makka.

'Yan kasuwa kuma ku kuka fi kowa sanin ciwon. A 2023 kujera ba ta cika miliyan 3 ba, dala tana wajen Naira 460. Shekara ta kewayo dala ta haura 1,500. Mai tebur a Kurmi ko Kantin Kwari da ya daɗe yana zubin adashi, ya wayi gari tarinsa ya zama kamar gishiri a ruwa. Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya ba, kuɗinmu ne aka karya.

Abin takaici, filin jirgin nan sunan Malam Aminu Kano gare shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa wajen ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Ga sunansa a ƙofa, ga talaka a bayan shinge yana ɗaga wa manya hannu.

Mun sani Allah bai wajabta Hajji sai ga mai iko ba. Amma wa ya raba talaka da ikon? Saboda haka muna neman abu uku. A buga lissafin kujera dalla-dalla, kowa ya ga nawa ne na jirgi, nawa ne na masauki. A daina biya wa 'yan fada da 'yan kanzagi kujera da kuɗin baitulmali. A kuma tsare darajar Naira, don abin da mutum ya tara bana ya amfane shi baɗi.

'Yan'uwa, ran zaɓe ku tuna da lissafin nan. Allah ya kai mu da guminmu, amin.