A KAI IYALI SU GA GAƁAR TEKUN GANA

Sanin kowa ne akwai magidantan Arewa da suka shekara ashirin a Ikko ko Ibadan, amma 'ya'yansu ba su san wata tafiya ba sai ta zuwa gida da Salla. Sada zumunci wajibi ne, amma bai hana magidanci ya yi tanadi ya kai iyalinsa gaɓar tekun Gana ko da sau ɗaya ba.

Hanya a buɗe take. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mai fasfon Nijeriya izinin shiga Gana ba biza har kwana 90. Daga Ikko mota ce, ta Kwatano da Lome, har Kef Kos. Kilomita wajen 30 daga can ga gandun dajin Kakum, mai birai da tsuntsaye da giwaye masu wuyar gani, inda aka ɗaura gadojin igiya a ƙololuwar itatuwa. A Elmina kuma, dab da rairayin teku, ga ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin jirgi ya kwashe su. Wasunsu ta kasuwar Salaga suka biyo, wadda fataken Gwanja suka sani sarai. Yaron da ya leƙa ɗakunan nan masu duhu, ya samu darasin da allo bai iya ba shi.

Masu cewa almubazzaranci ne, su gwada da abin da biki guda ke lashewa. Batun masauki kuwa, ga zango, ana jin Hausa. Sai dai a riƙe hannun yara, don tekun nan ba ta wasa. Gani ya kori ji.