Dameji: Kalmar Da Ke Cin Kuɗin Manomi

A cikin kalmomin Turanci da suka shigo bakin Hausawa, da wuya a sami wadda ta kai "dameji" cin kuɗin manomi. Kowa ya shiga kasuwar Tarauni, ko ya tsaya wurin masu awo a Babban Giji da Gyadi-Gyadi, zai ji ta. Mai saye ya cusa hannu cikin buhu, ya ce akwai dameji, nan da nan sai kuɗin kaya ya faɗi. Mai kaya kuwa ya yi shiru, kamar wanda alƙali ya yanke wa hukunci.

Asalin kalmar damage ce. Turawan Ingila su ma aro suka yi daga Faransanci, tushenta kuwa damnum ne na harshen Latin, watau hasara. Ma'anarta ita ce lahanin da ya sami abu har ya rage masa amfani ko daraja. To, ga inda ya kamata akawu ya lura. In aka ƙara mata harafin s a ƙarshe ta zama damages, a bakin kotu ba ɓarna ake nufi ba, diyya ce. Manomin da shanu suka cinye wa dawa, in ya kai ƙara, ɓarnar da aka yi masa ita ce damage, kuɗin da yake nema a biya shi kuwa su ne damages. Akawun da ya rikita su ya rikita ƙarar.

Amma babban aibin kalmar a kasuwa yake, domin tana rufa wa mai laifi asiri. Bahaushe yana da suna ga kowace irin ɓarna: ruɓa daban, hudar ƙwari daban, taɓin ruwa daban, cin ɓera daban. Kowace da maganinta, kowace da wanda ya kamata ya ɗauki nauyinta. Dameji kuwa ta haɗa su duka cikin buhu ɗaya. Tumatirin da ya farfashe a mota tsakanin Kadawa da kasuwar 'Yan Kaba, laifin lodi ne da hanya, amma da zarar an ce dameji, sai hasarar ta koma kan wanda ya noma.

Har wa yau, abin da ido ya gani kaɗai ake kira dameji, alhali ɓarnar da ba a gani ta fi muni. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Da aka bincika, sai aka tarar guba ce ta fumfuna, wadda ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba. Haka kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Waɗansu sun zuba maganin ne don gudun dameji, garin neman gira aka rasa ido.

Saboda haka, duk manomin da aka ce wa kayansa da dameji, kada ya karɓi maganar haka nan. Ya tambaya, wace iri? Mudu nawa cikin buhu? A zazzage a gani, a rage kuɗin daidai abin da ya lalace, ba fiye ba. Ɗan kasuwa shi ma ya ji tsoron Allah, ya daina mai da kalmar wuƙar yankan farashi. Akawu kuwa in zai rubuta takarda, ya faɗi irin ɓarnar, da yawanta, da ranar da aka gan ta.

Rigakafi dai ya fi magani. A shanya amfani ya bushe ƙarau kafin a ɗura, kada buhu ya kwana a ƙasa, a zuba wake cikin buhun nan mai ninki uku wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, ba da guba ba. Wanda ya yi haka, mai saye zai rasa inda zai rataya masa dameji. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.