Wanda ya je Lome, ya tsaya ya ga teku

Shekara da shekaru ina zana teku a allo a nan Dawce. Wata rana wani yaro ya ce: "Mushe, ya kai tafkinmu da damina?" Na ce ya fi. Amma ni ma ji kawai nake.

Da babban hutu na je Lome, babban birnin Togo. Na tsaya bakin ruwa rana na dukana, na ɗanɗana gishirinsa, na ƙirga jiragen da ke jiran shiga tasha. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kayan Nijar masu yawa nan suke sauka, su ratso Burkina Faso. A wurin na gane abin da ke ƙara wa shinkafa tsada a kasuwar Matamaye.

Mutanenmu kan je Lome sayen mota da atamfa, su kwana Zango, su juyo ba su dubi ruwan ba, wai kallo aikin marar abin yi ne. Ban yarda ba.

Ban ce a kwashi yara ba. Hanya da nisa, ga haɗari. Amma iyaye, wanda fatauci ya kai can, ya ba teku yammaci guda. In ya dawo, ya shigo ajina ya ba yaranmu labari.