Zancen Malam: Buhun Shinkafa Ba Diyya Ba Ne

A wannan wata na yi niyyar magana a kan jarrabawar yara, amma wani abu ya faru a ajina wanda ya hana ni barci, sai na ga gara in kawo muku shi tun da zafinsa.

Akwai wani yaro a aji biyar, mai kai ƙwarai wajen lissafi. Bayan hutun Ista ban gan shi ba. Mako ɗaya, mako biyu, shiru. Da na tafi gidansu, sai na iske shi a bakin titi yana tallar ruwan leda. Mahaifinsa magini ne, ya faɗo daga saman bene a wurin aiki, bai kai asibiti da rai ba. Na san da rasuwar, har na je jana'iza, na yi waƙa tare da kowa, na koma gida. Ban tambayi abin da za su ci ba. Wannan laifina ne.

Mahaifiyar yaron ta ce mini, "Malam, ai mutanen kamfanin sun yi ƙoƙari." Na ce, wane irin ƙoƙari, Mama? Ta ce sun sayi akwatin gawa, sun kawo buhun shinkafa da galan ɗin mai, da ɗan kuɗi cikin ambulan. Sa'an nan suka miƙa mata takarda da Turanci, ta dangwala yatsa. Mutumin da ya yi musu aiki shekara tara, ya bar 'ya'ya huɗu, abin da ransa ya tsaya a kai ke nan. Shinkafar ma 'yan zaman makoki suka cinye.

'Yan'uwa, akwai doka a ƙasar nan a kan wannan al'amari, amma da yawa cikinmu ba mu san ta ba. A ƙarƙashin dokar 1987, idan ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, mai kamfani ne da kansa zai biya iyalin albashin wata 42 a dunƙule. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke waccan. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, wajibi ne ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a wani asusu da ke hannun hukumar NSITF. Daga aljihunsa zai biya. Doka ta hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan. In hatsari ya auku, daga asusun nan ne ake biyan kuɗin magani da diyya.

Ku duba abin da doka ta tanada wa mace irin wannan. Gwauruwa mai 'ya'ya biyu ko fiye, wadda ta dogara ga mijinta, za a riƙa ba ta kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. In ɗa guda ne, kashi 85. Ana lissafin yaro har ya kai shekara 21 ko ya gama digirinsa na fari, duk wanda ya riga zuwa. Wanda kuma bai mutu ba amma ya naƙasa sarai, ba ya iya aiki kuma, shi ma kashi 90 ne. To, ina buhun shinkafa, ina wannan?

Wani zai ce, ai marigayin lebura ne kawai, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Dokar ta riga ta amsa wannan. Ma'aikaci a wurinta shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da baki ne ko a rubuce, na dindindin ko na wucin gadi, har da mai koyon sana'a da ɗan aikin yini. Sojoji kaɗai aka ware. Ba kuma lalle sai cikin harabar wurin aiki ba. Hatsarin da ya same shi a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki. Haka kuma ciwon da aikin ya jawo sannu a hankali, kamar ciwon huhu na masu shaƙar ƙura, ko kurumtar da ƙarar injin ke kawowa. Takardar da aka sa matar nan ta dangwala fa? Doka ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa cewa ya yafe diyyarsa, banza ce. Saboda haka kada dangwalen yatsa ya sa kowa ya zauna a gida, a kai takardar wurin wanda ya san doka ya karanta.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kamfanin ba ne, mu ne. Da na faɗa wa matar wannan duka, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Ni ba zan ci kuɗin jinin mijina ba." Wani dattijo kuma ya ja ni gefe ya ce mai bi ba ya kai ƙara. Na girmama bangaskiyarsu, amma ban yarda da fassararsu ba. Ku buɗe Fitowa sura 21. Allah da kansa ya umarta cewa wanda ya ji wa wani rauni har ya kwanta, zai biya shi kwanakin aikin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jiyyarsa har ya warke. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ɗan bango, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ashe tun zamanin Musa an san faɗowa daga bene ba a barinta a kan ƙaddara kawai. Bulus kuwa, da aka yi masa dūka a Filibi ba bisa doka ba, bai ce ya bar wa Allah ya fita a ɓoye ba, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Ban da haka ma, neman diyyar nan ba ƙara ba ce. Fom ne ake cikawa a ofis. Kuɗin kuma ba farashin jini ba ne, gama babu mai iya biyan rai. Albashin da uban zai ci gaba da kawowa gida ne da yana nan, abincin yara da kuɗin makarantarsu. Uwa tana iya yafe nata, amma ba ta da ikon yafe na marayu.

Sai dai a kula da lokaci, gama a nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Doka ta ba ma'aikaci, ko iyalinsa in ya rasu, kwana 14 su sanar da mai wurin aikin. Ku yi a rubuce, ku riƙe kwafi. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoton hatsarin ga hukumar. Takardar neman diyya dole ta shiga cikin shekara ɗaya. Ana iya ɗaga ƙafa har shekara uku in akwai dalili na musamman, amma kada ku dogara ga wannan. Mu kuwa mukan yi wata uku muna makoki, wata uku dangi suna gardama a kan wa zai riƙe katin banki, kafin a farga shekara ta wuce. A nemi takardar shaidar mutuwa, da rahoton likita, da rahoton 'yan sanda in hatsarin mota ne, da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu. In hukumar ta yanke abin da ba ku gamsu da shi ba, akwai kwana 180 na neman a sāke dubawa, bayan haka sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Akwai kuma wani haƙƙi dabam. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikatan da ke ƙarƙashinta su yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai, wadda ba ta kasa albashin shekara uku ba. Wannan kam ko zazzaɓi ne ya kashe mutum a gadonsa ana biya, muddin yana cikin aiki. In mai kamfani ya ƙi yin inshorar, shi zai biya daga aljihunsa. Amma ga wanda aka rubuta sunansa ake ba kuɗin. Maza, ku ji ni da kyau. Da yawa cikinku kun cika fom tun kuna samari, kun rubuta sunan baba ko na wa, yau kuna da mata da 'ya'ya biyar ba ku koma kun gyara ba. Ni ma sai bara na gyara nawa, bayan uwargida ta tambaye ni sau uku.

Yanzu bari in taɓo inda ke da ciwo. Ikkilisiya ma mai ɗaukar ma'aikata ce. Muna da maigadi, da direba, da malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin magani, da mai bishara da ke hawan babur zuwa ƙauyuka cikin damina. In ɗayansu ya faɗi yau, me muka shirya masa? Baiko na musamman ran Lahadi, sa'an nan bayan wata shida a ce gwauruwar ta tashi daga gidan mishan domin sabon ma'aikaci ya iso. Ku tuna da matar nan ta 2 Sarakuna sura 4. Mijinta ma'aikacin Allah ne, ya mutu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Da wane baki za mu tsawata wa ɗan kwangila in mu kanmu ba mu yi rajistar ma'aikatanmu ba? Ku kuma iyayen gida, dokar ta ambaci mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Yarinyar da ke hura muku risho, in wuta ta kama ta, ba a sa ta a mota a mai da ita ƙauye da kwalbar man shafawa.

Na roƙi dattawanmu su sa maganar rajista a taronsu na gaba, na kuma roƙi sakatare ya rubuta roƙon a littafi domin kada ya ɓace. Matar nan kuwa daga baya ta yarda. Wani ɗan'uwa da ke aikin lauya ya karanta takardar da ta dangwala, ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, mun kuma shigar da fom tun shekara ba ta cika ba. Muna jiran amsa. Kafin nan Zumuntar Mata ta ɗauki kuɗin makarantar yaron na zango biyu, ya koma aji ran Litinin da ta wuce. Zango na uku ne har yanzu ba mu sami mai ɗauka ba.