Unguwar da Ake Sayar da Gida, Ban da Fili

Duk wanda iyayensa ke zaman haya ya san yadda gida ke yin tsit ranar da aka aiko da ƙarin kuɗi.

Yau za mu leƙa unguwar Dudley a birnin Boston na Amurka. Kafin 1980 gobara ta cinye gidaje da yawa a can, har ana zargin wasu masu gidajen da cinna wutar don karɓar kuɗin inshora. Kangayen suka zama juji, ana zuwa daga wasu wurare a jibge shara.

A 1984 aka kafa ƙungiyar raya unguwar, wadda ba riba take nema ba. Da yaƙi da shara ta fara. A 1988 hukumar birnin ta ba ta ikon karɓar filayen da aka yi watsi da su, tana biyan diyya.

Ga dabarar da ta fi burge mu. Ana sayar wa mutum gida, amma filin yana hannun ƙungiya, hayar shekara 99 take bayarwa. In mai gidan zai sayar, akwai iyakar ribar da zai ɗora, don wani mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Gidaje sama da 200 ke kan filayen yanzu, ga kuma gona.

Masu ƙananan sana'o'i suna da kujeru a kwamitin gudanarwa. Haka ma 'yan shekara 15 zuwa 17, sa'o'inku ke nan, kuma da su ake kaɗa ƙuri'a.