Ɗan Gari Ko Baƙo Mai Digiri?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata cuta da ta daɗe tana cin 'yan boko a ƙasar nan, kuma mun ga lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Cutar kuwa ita ce jahiltar gida. A tambayi ɗalibin jami'a dalilan juyin juya halin Faransa na 1789, zai kwararo su kamar karatun allo. A ce ya lissafa ƙofofin birnin Kano inda aka yanke masa cibiya, sai ya ce Nasarawa, ya ce Kabuga, ya ce Ƙofar Mata, daga nan ya fara sosa ƙeya. Su ma ukun ya san su ne don nan ɗan adaidaita-sahu yake sauke shi. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana daf da ganuwa, amma sai mutum ya yi shekara huɗu yana wucewa ta gindinta safe da yamma, ya karɓi digirinsa, bai taɓa tambayar wanda ya gina ta ba.

Da wannan jahilci ya tsaya kan mai shi, da mun ce tsakaninsa da kunyarsa. Amma ɗalibin yau shi ne akawun gobe a ofishin filaye, shi ne injiniya a ma'aikatar ayyuka, shi ne mai tsara birni, shi ne malamin firamare. Abin da bai san darajarsa ba yana ɗalibi, shi zai sa hannu a rushe idan ya hau kujera. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da abin da ake rushewa. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Lokacin da Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo birnin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa kamar dubu 30, ya kuma rubuta cewa tufar da aka saƙa aka rina a Kano tana kaiwa Timbuktu da Murzuk har Tarabulus. Gwamna Lugga kansa, wanda sojojinsa suka fasa birnin a watan Fabrairu na 1903, ya rubuta cewa bai taɓa ganin ganuwa irin wannan ba a Afirka. Abokin gaba ya yaba, ɗan gida kuwa ya zo da tifa yana kwasar ƙasarta.

Ai ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kansakali, ko Waika, ko Dawanau, ko Mazugal, zai ga abin da ya rage: nan tudu, can juji, can kuma shaguna da gidajen bulo sun hau kan inda ganuwa take. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, aka gina wata sabuwa a madadinta. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma ana neman yardar duniya a takarda, ana yanka abin fuloti-fuloti a ƙasa. To, wa ya auna filayen? Wa ya zana taswira? Wa ya buga hatimi? Talakan Gwale ko na Yakasai ba shi da hatimi. Masu takardar shaida ne suka yi wannan aiki, masu Turanci a baki da biro a aljihu.

Haka labarin kududdufai yake. Magabatanmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali sun gina gidaje da ganuwa, ramukan da suka bari suka zama matattarar ruwan damina. Birni yana da inda ruwansa zai kwanta kafin ya gangara Jakara. Sai mai ilimin zamani ya zo ya dubi kududdufi ya ga ƙazanta da sauro kawai, ko kuma ya ga fili na kuɗi. Aka cike da shara, aka yanka, aka sayar, aka gina. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar mallakar fili. Idan Agusta ta zo, sai ya nemi tsohon masaukinsa, ya tarar da ɗakin wata tsohuwa, ya shiga. A nan ne jahilcin mai digiri yake zama asarar talaka.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun sha jin sa a ɗakin cin abinci da dandalin muhawara. Wasu 'yan'uwa masu ra'ayin gurguzu za su ce wannan duk kewar mulkin sarauta ce, wai ganuwa alama ce ta danniyar sarakuna, gara ma ta faɗi. Muna tambayarsu: wane sarki ne ya taɓa ɗaukar kwandon ƙasa a ka? Hannun talakawa da bayi ne ya kwaɓa wannan ƙasa, guminsu ne ya ɗaga ta, kuma ita ta tsare gonakinsu da 'ya'yansu ranar da mahara suka zo. Wanda yake da'awar kishin talaka, ya kuma yarda a shafe aikin da talaka ya yi shekaru ɗaruruwa yana yi, to, kishinsa na littafi ne. Ba ma cewa tarihin birnin nan fari ne fat. A Kasuwar Kurmi an sayar da goro da gishiri da fata, an kuma sayar da 'yan Adam. Wannan ma wajibi ne a sani, a faɗa, a koya wa yara. Amma idan an shafe wurin, a ina za a tsaya a nuna? Kuma kada a manta, a cikin garin nan aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa sun iya magana da talaka ne domin sun san lungunsa, sun san harajin da yake biya, sun san sunan mai unguwarsa. Siyasar ceton talaka ba ta yiwuwa ga wanda zai ɓace tsakanin Mandawari da Jakara.

Wasu kuma za su ce Dutsen Dala wurin tsafi ne, labarin Barbushe da Tsumburbura jahiliyya ce, Musulmi ba shi da abin nema a can. Mu kuwa mun san Alƙur'ani ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Sanin abin da kakanni suka bari ba komawa gare shi ba ne. Wanda bai san Dala ba, ta yaya zai gane girman abin da Wangarawa suka kawo a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14? Ta yaya zai gane dalilin da ya sa Madabo ta zama unguwar malamai, ko abin da ya haɗa Sharifai da Shehu Magili?

Na uku su ne 'yan ci-gaba, masu cewa gari yana girma, mota tana son hanya, jama'a suna son muhalli, ba za a tsayar da zamani saboda tarin jar ƙasa ba. Gaskiya ne gari yana girma, mu ma ba mu ce a koma hawan jaki ba. Amma Abdullahi Bayero ma ya buɗe sabuwar ƙofa lokacin da buƙata ta zo, bai kuwa kwashe ganuwa ya sayar ba. Waɗannan 'yan ci-gaba idan suka je kwas Ingila, su ne za ka gani sun biya kuɗi sun shiga tsofaffin gidajen sarakunan Turawa suna ɗaukar hoto, su dawo suna ba da labari. Tsohon gini a Landan tarihi ne, a Kano kuwa ƙauyanci. Wannan shi ne ragowar mulkin mallaka da ya zauna a ƙwaƙwalwa bayan an sauke tutarsa a 1960.

Akwai kuma wani darasi da birnin yake koyarwa kyauta, wanda zamanin nan na ƙabilanci yake matuƙar buƙata. Sunayen unguwanni kansu littafi ne. Zangon Barebari yana gaya maka Barno ta zo ta sauka. Tudun Nufawa yana gaya maka Nufe ta zo. Ayagi tana gaya maka Yarbawa sun zauna cikin ganuwa tun kafin a yi Sabon Gari. Dandalin Turawa na Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, domin su aka fara kira Turawa a bakin Bahaushe, Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Daga nan kuma fataken goro suka riƙa tashi zuwa Gwanja, har jikokin wasunsu suka zama mutanen zango a Gana. Duk ɗan siyasar da zai tashi ya raba mu da sunan wane ne ɗan asali, wane ne baƙo, a kai shi yawon unguwannin nan ya karanta. Kano ta zama Kano ne domin ta iya saukar baƙo har ya zama ɗan gari.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi, kuma babu ko ɗaya da yake jiran kasafin kuɗin gwamnati. Na farko, ƙungiyar ɗalibai ta ware Asabar ɗaya a kowane wata a fita da ƙafa: a hau Dala da Gwauron Dutse a dubi shimfiɗar gari, a shiga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a tsaya a karofin Ƙofar Mata a tambayi marina yadda ake haɗa baba da toka, a ratsa Kurmi. Na biyu, ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da na harsunan Nijeriya su daina kwafo littattafan Turawa a aikinsu na shekarar ƙarshe. Kowa ya ɗauki unguwa ɗaya, ya durƙusa gaban dattawanta maza da mata, ya rubuta asalin sunanta da sana'arta da rijiyoyinta da malamanta, kafin ƙasa ta rufe masu sani. Na uku, ku da kuka riga kuka shiga ofis, idan fayil ya iso teburinku ana neman fili a kan ganuwa ko kududdufi, ku rubuta gaskiya a kansa ku sa hannu. Mai yiwuwa na sama ya soke, amma zai soke ne yana sane an gani.

Wannan kira bai tsaya ga Kanawa ba. Bakatsine ya tambayi kansa yaushe rabonsa da hasumiyar Gobarau. Badauri ya tambayi kansa abin da ya sani game da Kusugu bayan tatsuniyar maciji. Bazazzagi ya je Kufena da Turunku, mutumin Damagaram ya zaga Birni. Wanda ya fito daga ƙauye ma yana da tsohuwar kasuwa da kuka da makera da suke da labari.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gumin manomi da na ɗan kasuwa ne ya gina ajin da muke zaune a ciki, kuma ba su gina shi don a yaye musu baƙi ba. Ganuwar da ta jure mahara da damina na shekaru ɗaruruwa, ta jure igwar Nasara a 1903, yau biro ne yake cinye ta. Biron kuwa a hannun 'yan boko yake, kuma da shi za a iya tsayar da ɓarnar. Duk wanda ya karanta wannan, muna jiransa ranar Asabar a gindin Dala, da takalmin tafiya da littafin rubutu.